Yadda Ake Ciyar da Gonar Auduga a Ƙasar Gombe da Bauchi

Auduga shuka ce mai daɗewa a gona. Daga shuka zuwa tsinka takan ɗauki wata biyar zuwa shida, kuma cinta ba ɗaya ba ne a tsawon wannan lokaci. A makonni huɗu na farko kaɗan take ci, saiwa take kafawa. Da ta fara ɗaure tohon fure, wajen mako na biyar zuwa na shida, sai yunwarta ta tashi, ta kai ƙololuwa daga buɗewar furen farko har ƙwallaye su cika. Yawancin takin da ke salwanta a gonakinmu rashin lura da wannan ne ke jawo shi. Wani ya juye buhunansa duka tun tana ƙarama, ruwan Agusta ya tafi da su. Wani kuma ya kawo yuriya a makare, gona ta yi duhu da ganye, ƙwallo babu.

Sinadarin da ake wannan fama a kansa shi ne naitirojin, wanda ke cikin yuriya da kashin dabbobi. Farin zaren auduga kusan ba ya ɗauke da shi. A cikin angurya yake taruwa. Tan ɗaya na audugar da ba a gurza ba yana da angurya wajen kilo 600 ko fiye, kuma a cikinta akwai naitirojin da ya kai kilo 20, wato abin da ya yi kusa da buhun yuriya guda. Duk shekarar da aka loda auduga aka kai injin gurza, wannan ƙarfin ya bar gonar ke nan. Yankin Gombe da Kumo da Misau sun daɗe suna noman auduga, kuma gonar da aka yi shekaru ana ɗiba ba a mayarwa dole ta gaji.

Fara sanin ƙasar da kake nomawa

Ƙasa iri biyu ce ta fi yawa a wajenmu, kuma kowace da hanyar da take zubar da naitirojin. Akwai jigawa mai yashi, irin wadda ake samu ta wajen Dukku da Darazo da Alkaleri. Ruwa na ratsa ta da sauri, ya ja takin ya kai shi ƙasa da inda saiwar ƙaramar shuka take. Akwai kuma baƙar laka mai tsagewa da rani, irin ta kwarin Gongola wajen Dadin Kowa da Deba. Ita tana riƙe abinci, auduga na son ta, amma idan ruwa ya kwanta a kanta kwana biyu ko uku iska ta ƙare a cikinta, sai ƙwayoyin halittar ƙasa su mayar da naitirojin iska ya tashi. Yuriyar da aka bari a samanta ba a rufe ba ita ma tana saurin tashi.

Wanda ke da hali ya gwada ƙasarsa kafin damina. A zaga gonar a karkace, a haƙa wuri 15 zuwa 20, kowanne zurfin santimita 20, a haɗa ƙasar a bokiti mai tsabta a gauraya, a ɗebi rabin kilo a shanya a inuwa. Idan gonar rabi yashi ce rabi laka, kowane ɓangare da nasa ƙunshin. Malaman gona na hukumar bunƙasa aikin gona ta jiha, ta Gombe ko ta Bauchi, za su nuna inda ake kaiwa. Abin da za a fi dubawa a sakamakon shi ne ma'aunin tsamin ƙasa da ake kira pH. Auduga ta fi jin daɗi daga 6 zuwa 7.5. Idan ya sauka ƙasa da 5.5 saiwarta ba ta nutsawa, kuma taki komai yawansa ba zai yi cikakken aiki ba sai an gyara tsamin da farar ƙasa ta noma ko toka da takin gida.

Aikin da ake yi tun da rani

Takin zamani abinci ne na 'yan makonni. Abin da ke riƙe shi a ƙasa har shuka ta ci shi ne ruɓaɓɓen ganye da kashin dabba, kuma wannan ne gonakinmu suka fi rasawa, musamman jigawa. Saboda haka ciyar da auduga a watan Afrilu da Mayu yake farawa.

A nemi tan 5 na takin shanu ko na awaki da tumaki ga kowace hekta, wato tan 2 ga eka. Idan na kaji ne, tan 2 ga hekta ya isa, domin ya ninka na shanu ƙarfi. Wanda bai san nauyin amalankensa ba ya cika buhu ɗaya ya auna a sikeli, ya ƙirga buhu nawa ke cika amalanken. In takin bai isa gonar duka ba, kada a barbaɗa shi sama-sama ko'ina. Gara a zuba shi a kwarin tsohuwar kunya a yi huɗa a kansa, ko a raba gonar uku a ba kowane kashi isasshe duk bayan shekara uku.

Yadda ake ajiye takin ya kai yawansa muhimmanci, kuma nan ne ake yawan sakaci. Kusan rabin naitirojin da dabba ke fitarwa a fitsari yake, don haka a riƙa shimfiɗa ƙaiƙayi ko yankakken kara a turke ya tsotse shi. Idan an kwashe, a tara a rami ko a inuwa, a yayyafa ruwa ya yi danshi kamar tsumman da aka matse, a rufe da ciyawa, a juya shi duk bayan mako biyu ko uku. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya daina wari da zafi. Takin da aka kai gona tun watan Fabrairu aka bar shi tsibi-tsibi a rana da iskar bazara, kafin ruwa ya sauka ƙarfinsa ya ragu ƙwarai. Idan dole a kai shi da wuri, a tara shi tsibi babba ɗaya a rufe, a baza shi mako biyu kafin shuka a juya shi cikin ƙasa. Haka nan idan makiyaya suka yi mashekari a gona, a riƙa matsar da wurin kwanan shanun duk bayan 'yan kwanaki, don kada wuri ɗaya ya ƙoshi sauran su kwana da yunwa.

Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa. Ɗanyen taki mai yawan kara da dusar katako kuma yakan sa shuka ta yi ɗorawa a makonnin farko, saboda ƙwayoyin da ke ruɓar da shi suna cin naitirojin ɗin ƙasa kafin su sake shi. Toka tana da amfani, tana ba da fotash tana rage tsami, amma kada a gauraya ta da yuriya ko kashin kaji, domin tana kore naitirojin ɗinsu. Takin juji na gari kuwa a tsince leda da batir da gilashi kafin ya shiga gona.

In akwai gawo a gonar, a bar shi. Yana kakkaɓe ganye da damina, bai hana shuka rana, kuma saiwarsa na ƙara wa ƙasa naitirojin.

Abin da ya riga auduga a gonar

Gyaɗa da wake da waken soya suna da ƙulle-ƙulle a saiwarsu, inda wasu ƙwayoyin halitta ke kama naitirojin daga iska. Domin a san ko suna aiki, a tuge shuka ɗaya lokacin fure a fasa ƙullin da farce. In cikinsa ja-ja ne yana aiki, in fari ne ko kore ba ya yi. Waken soya yakan fi yin ƙulli idan an shafa wa irin maganin ƙwayoyin, irin Nodumax na cibiyar binciken aikin gona ta IITA, aka kuma ba shi supa, wato takin fosfat. Sai dai a faɗi gaskiya: idan an kwashe ƙwaya, an tuge harawa har saiwa an kai kasuwa, abin da ya rage wa gonar kaɗan ne. A yanke a bar saiwa a ƙasa, harawar kuma dabbobin gida su ci takinsu ya koma gonar.

Juyi mai kyau shi ne waken soya ko gyaɗa bana, auduga baɗi, dawa ko masara shekara ta uku. Hatsin yana cin ragowar takin audugar, kuma auduga tana sa irin wuta-wuta ya tsiro ya mutu don bai iya kama saiwarta. Kada a bi auduga da kuɓewa ko rama, danginta ne, ƙwarinsu da cututtukansu ɗaya.

Lissafin buhu

Ma'aunin da aka saba bayarwa ga auduga a arewa shi ne kusan kilo 60 na naitirojin, 30 na fosfat, 30 na fotash ga hekta. Lambobin da ke jikin buhu kashi ne cikin ɗari. Buhun kamfa 15-15-15 mai kilo 50 yana da kilo 7.5 na kowanne daga cikin ukun. Buhun yuriya, mai kashi 46, yana da kilo 23 na naitirojin kaɗai.

Hanya mafi sauƙi ita ce buhu 4 na kamfa 15-15-15, wanda ya ba da 30-30-30, sannan kilo 65 na yuriya, wato buhu ɗaya da kusan sulusi, ya cike sauran kilo 30 na naitirojin. Ga mai lissafi da eka, kamfa kilo 80 ke nan da yuriya rabin buhu. Wanda ya sami takin a rarrabe zai iya haɗa buhu 3 na supa, buhu 1 na fotash mai kashi 60, da kilo 130 na yuriya da za a raba biyu. Wannan haɗin yana da wata riba: supa na ɗauke da sinadarin farar wuta, wanda ƙasar savana ke yawan rasawa kuma yawancin kamfa ba ta da shi. Mai kamfa 20-10-10 yana buƙatar buhu 6 kafin ya kai 60-30-30, kuma kada ya zuba su rana ɗaya, ya sa huɗu a zubin farko biyu a na biyu.

Wannan ma'auni na gona ce mai matsakaicin ƙarfi da aka shuka a kan kari, daga tsakiyar Yuni zuwa farkon Yuli. In an sa takin gida tan 5, ko gonar ta fito daga waken soya mai kyau, a rage yuriyar zubi na biyu da kusan sulusi a duba yadda shukar take. In an makara har ƙarshen Yuli, kamar yadda ake yi idan an tsaya gama noman hatsi, a rage naitirojin da kusan rabi, domin ruwa zai ɗauke kafin ta yi amfani da shi, sanyin hunturu kuma ya tsayar da ƙwallayen baya. Irin da aka shuka bai sauya wannan lissafi sosai ba. Ko SAMCOT ne na cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, ko irin Bt da aka amince da shi a Nijeriya a 2018, yunwarsu tana nan. Irin Bt daga tsutsar ƙwallo yake kare kansa, kuma tun da yana riƙe ƙwallaye da yawa, ƙarancin abinci ya fi saurin nunawa a jikinsa.

Kafin a biya kuɗin yuriya a gwada ta. A zuba cokali biyu a kofin ruwa a motsa. Ta gaskiya tana narkewa tas, kofin ya yi sanyi a hannu. In yashi ko tsakuwa ya kwanta a ƙasa, an yi mata haɗi.

Zubi biyu, kuma a rufe

Zubin farko ana yin sa ne mako uku bayan shuka, bayan an yi noman firi an kuma yi cira an bar biyu-biyu a rami. Taki a gonar da ciyawa ta rufe ciyawar ya ciyar. Kamfa 15-15-15 duka a wannan zubin take shiga. Wanda ke amfani da supa da fotash ya fi kyau ya sa su tun lokacin huɗa, domin fosfat ba ya tafiya a ƙasa, sai saiwa ta je ta same shi, sannan ya kawo rabin yuriyarsa a mako na uku.

Idan tazarar shuka santimita 90 ce tsakanin kunya da kunya, 45 tsakanin rami da rami, hekta tana da rami wajen 24,700. Buhu 4 na kamfa ya zama giram 8 ga kowane rami, kimanin murfin kwalbar lemo a cike da tozo. Kilo 65 na yuriya kuma bai kai giram 3 ga rami ba, wato rabin murfi. Murafe sun bambanta, don haka ga hanyar tabbatarwa: kunya mai tsawon mita 100 tana cin kilo 1.8 na kamfa, da giram 600 na yuriya. A auna wannan a sikeli a ba mai zubi. In ya ƙare kafin ƙarshen kunya hannunsa ya yi nauyi, in ya rage ya yi sauƙi. Kunya biyu ko uku sun isa hannu ya daidaita.

A soka rami da tsinken sanda, nisan yatsu huɗu daga gindin shuka, wato santimita 5 zuwa 8, zurfin santimita 5, a zuba a take da ƙafa. Takin da ya taɓa kara ko ya faɗa cikin ganye yana ƙonawa. Rufewar nan ita ce ta fi komai muhimmanci ga yuriya. Da ta sami danshi takan fara rikiɗa ta zama iskar amoniya, mai warin fitsari, kuma a rana mai zafi a kan laka wani babban kaso na buhun zai iya tashi cikin 'yan kwanaki. A zuba a ƙasa mai danshi, da safe ko da yamma. Busasshiyar ƙasa ba ta narkar da shi, wadda ruwa ya kwanta a kai kuma tana lalata shi. In hadari mai nauyi ya haɗu, a jira ya zuba ya wuce tukuna.

Zubi na biyu, na yuriya, yana zuwa mako shida zuwa takwas bayan shuka, lokacin da tohon fure ya yawaita kuma furen farko ke shirin buɗewa. Alamar shukar ta fi ƙirgen kwana tabbas. A haɗa shi da maimai, a zuba sannan a tayar da kunya ta rufe shi, aiki ɗaya ya biya buƙata biyu. A jigawa mai yashi sosai ya fi kyau a raba wannan yuriyar gida biyu, a mako na shida da na tara. A laka kuwa a tabbata kwarin kunya yana fitar da ruwa kafin tsakiyar Agusta. Ɗaure bakin kunya don tare ruwa yana da amfani a jigawa da farkon damina, amma a laka a tsakiyar damina illa ne.

Da fure ya cika gona, wajen mako na goma, a rufe buhun yuriya. Abin da aka ƙara bayan nan sabon toho yake haifarwa. Shukar ta yi tsawo ta haɗe, ƙwallayen ƙasa su rasa rana da iska su ruɓe, na sama su ƙi buɗewa da wuri, darɓa da farin ƙuda su taru a kan ganye mai laushi, danƙonsu ya ɓata zaren, maganin feshi kuma ya kasa ratsawa ciki.

Abin da ganye ke faɗa

Ƙarancin naitirojin daga ƙasa yake farawa. Tsofaffin ganye su yi ɗorawa gaba ɗaya, shuka ta tsaya gajera, rassa kaɗan, ganye ƙanana, daga baya su yi ja su zube. In kuwa sababbin ganyen sama ne suka yi fari-fari na ƙasa suna kore, farar wuta ce ta yi ƙaranci, yuriya ba za ta gyara ba, supa ce maganin a shekara mai zuwa. In gefen ganye ne ya yi ɗorawa sannan ya ƙone kamar tsatsa lokacin da ƙwallaye ke cika, fotash ne, kuma sakamakonsa ƙananan ƙwallaye da ba sa buɗewa sosai da zare marar ƙarfi. Gonar da aka yi shekaru ana ba ta yuriya zalla ita ta fi gamuwa da wannan.

Zubar toho da ƙananan ƙwallaye yana da dalilai da yawa: tsutsa, fari, kwanciyar ruwa, yawan naitirojin, ko ƙarancin sinadarin boron. A fara tsintar waɗanda suka zube a duba ko da huda. In babu huda, kuma sandar ganye tana da zobe-zobe masu duhu, boron ne ake zargi. Kilo 5 zuwa 7 na boraks ga hekta, a gauraye sosai da takin zubin farko, ya wadatar. Kada a wuce haka, domin tsakanin isarsa da gubarsa tazara kaɗan ce.

Ba kowace ɗorawa ce yunwa ba. Shukar da ke tsaye cikin ruwa takan yi ɗorawa ko da taki a gindinta, saboda saiwar ba ta numfashi. A buɗe wa ruwan hanya tukuna. Bayan ya janye, ana iya taimaka mata da feshin yuriya a ganye: giram 200 zuwa 300 a tankin goyo mai lita 15, da yamma, ba a tsakar rana ba. Wannan agaji ne na ɗan lokaci, bai maye gurbin zubin ƙasa ba.

Bayan tsinka

Karan dawa da na masara da ganyen wake a bar abin da za a iya bari a gona, kada a sa musu wuta, domin wuta tana tafiya da naitirojin da farar wutar da ke cikinsu. Karan auduga ne kaɗai hukuncinsa daban. Tsutsar ƙwallo mai ruwan hoda tana kwana a ragowar ƙwallaye, cutar baƙin tabo kuma tana zama a jikin kara har damina. Da an gama tsinka ta ƙarshe a bar dabbobi su cinye ganyen su bar kashinsu, sannan a tuge karan a fitar. Wanda za a yi girki da shi a ƙone shi kafin ruwa ya sauka, sauran a tara a ƙone wuri ɗaya, tokar duka a mayar gona a baza. Mai kiwo da ke ciyar da shanunsa ƙulin angurya da rani ya ware takin wannan turken ya kai gonar audugar, domin ya fi na shanun da suka ci kara zalla ƙarfi.